Siginar fita daga shataletale

Sau huɗu mai koya mini tuƙi ya sa na zagaya shataletale ɗaya. Duk na doshi mafita sai ya ce, "Koma, ba ka gaya wa kowa inda za ka ba." A na huɗun ya nuna mini wani direba da ya tsaya a mashiga, ƙafarsa kan birki, idonsa a kan fitilarmu. "Kai yake jira. Da ka sa sigina da tuni ya wuce."

Sai a nan na gane cewa siginar fita ta fi ta shiga nauyi. Wanda ke cikin da'ira shi ke da hanya, dokar da Birtaniya ta wajabta tun 1966 ƙasashe da dama suka ɗauka. Mai jira a bakin shiga kuwa ba shi da abin dubawa sai fitilarka.

Inda motoci ke bin gefen dama na titi, idan mafitar farko za ka bi, ka kunna siginar dama tun kafin ka iso. Idan miƙewa za ka yi, ka shiga ba sigina. Mai zuwa hagu ko mai juyawa baya yakan sa ta hagu, ko da yake a Jamus an hana sa sigina wajen shiga gaba ɗaya. Wajen fita dai kowa dama zai nuna.

Lokacin kunnawar ne ya ba ni wuya. Ana kunna ta ne da zarar an gota mafitar da ke kafin taka. Ka yi gaggawa, mai jira ya ɗauka nan za ka fita ya faɗo gabanka. Ka makara, ba ta amfani kowa ba. Ga kuma sitiyari, da ka ɗan warware shi sai ka ji ƙas, ya kashe maka siginar, dole ka sake taɓawa.

Masu kunna sigina biyu wai alamar miƙewa za su yi, su ne har yau ke ba ni haushi. Wannan fitilar ta haɗari ce, kuma muddin tana ƙiftawa babu mai gane inda ka nufa.

A zagaye na biyar na kunna a kan kari. Malamin bai ce uffan ba, hannu kawai ya miƙa ya nuna mini mafita.