Zamanmu a Jidda da yarinyar da ba ta son hayaniya

Tun da muka biyo maigidana zuwa Jidda, inda yake aiki da wani kamfanin gine-gine, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar abin da ya faru a wani taron suna a unguwar Hindawiyya. Na tafi da 'yata ta fari, mai shekara 15, muka tarar da falo cike da mata, ga hayaƙin turaren wuta, ga lasifika, ga guɗa tana tashi. Yarinyar ta toshe kunnuwanta, ta koma lungu tana jijjiga jiki tana kaɗa hannuwa, kuma da wata dattijuwa ta matso za ta sumbace ta a kunci kamar yadda ake gaisuwa a nan, sai ta ja da baya. Dattijuwar ta juyo gare ni a gaban kowa ta ce, "Hajiya, wannan 'yar taki ba ita kaɗai ba ce, ki nema mata mai ruƙiya." Wata kuma daga bayana ta ce rashin kwaɓa ne kawai. Da a ce Larabawa ne suka faɗa, da na ce baƙunta ce ta jawo mini, amma da Hausa aka faɗa, daga bakin mutanen da na je wurinsu domin in rage kewar gida.

Malamar makarantarsu ce ta ba mu shawarar a duba ta, kuma bayan gwaje-gwaje likita ya tabbatar mana cewa tana da galahanga, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ake kira autism a Turance, abin da mutanen nan suke kira tawahhud. Cibiyar da muka fara zuwa ta ɗora ta a kan horo irin na ƙananan yara, wato ta kalli mai magana ido cikin ido, ta ajiye hannuwa a cinya, idan ta yi a ba ta tukuici. Daga baya na karanta cewa tsarin ya yi suna ne bayan binciken da Ivar Lovaas ya wallafa a Amurka a 1987, wanda a cikinsa ake horar da yaro sa'a 40 a mako. Na san akwai iyayen da suke yaba shi, amma 'yata takan dawo gida ta rufe ƙofa, ta ƙi cin abinci har dare.

Ƙwararriyar da muke gani yanzu 'yar Sudan ce daga Omdurman, kuma ta ce ta tashi da maƙwabta Hausawa, don haka ba sai na yi mata bayanin mene ne kunya ko surukuta ba. A zaman farko ta fara yi wa yarinyar tambaya kafin ni, ta ce mata ta rubuta abubuwan da suke cutar da ita a rana. Abin da ta rubuta ya sa jikina ya yi sanyi: ƙarar fitilar aji, ɗinkin wuyan abaya, da tilasta mata kallon ido, wanda ta ce yana hana ta jin abin da ake faɗa. Matar ta bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar mutane ba iri ɗaya Allah Ya halitta ba, kuma aikinta shi ne ta rage wa yarinyar wahala, ta koya mata faɗin buƙatarta, ba wai ta mayar da ita wata daban ba. Ta ce wannan fahimta ta bazu ne tun ƙarshen shekarun 1990, daga masu galahangar da kansu da kuma rubutun Judy Singer 'yar Ostareliya, kuma 'yan mata sukan daɗe ba a gano su ba saboda suna kwaikwayon ƙawayensu suna ɓoye halinsu, har gajiyar ɓoyon ta zama damuwa. Kaɗa hannun da nake hana ta tun tana ƙarama, ashe da shi take samun natsuwa.

Yanzu tana sa abin toshe kunne a ƙarƙashin mayafi, tana gaisuwa da hannu a ƙirji, kuma tana da izinin fita daga taro ba tare da ta nemi uzuri ba. Da muka tafi Umara ita ce ta tsara tafiyar, domin ta haddace lokutan jirgin ƙasa na Haramain daga tashar Sulaimaniyya, muka yi ɗawafi a bene inda cunkoso yake da sauƙi, ta kammala ba tare da ta firgita ba. Ranar na ji kamar in kira duk matan Hindawiyya su gani.

Sai dai gayyata ta ragu, kuma zaman bene a Jidda zaman rufaffiyar ƙofa ne, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo neman garwashi ta zauna hira. Igamarmu, wato takardar izinin zamanmu, tana rataye da aikin maigida, ana biya wa kowannenmu riyal 400 a wata na harajin iyali, inshorarmu kuma ba ta ɗaukar kuɗin ganin ƙwararriyar duka. Duk ranar da kwangila ta ƙare, komawa za mu yi.

Wannan ne yake mayar da hankalina kan Yayana a Kano. Ya haura shekara 40, yana gyaran rediyo a ƙofar gida, ba ya kallon mutum idan yana magana, kuma ba ya cin tuwo sai a kwanonsa guda. Ya sha rubutu, ya sha hayaƙi, har gidan mari an taɓa kai shi yana saurayi, ya dawo da tabo a idon sawu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma a gidanmu har yau "mai taɓin nan" ake ce masa idan ba ya kusa. Da na yi wa Inna bayani a WhatsApp, na ce ina ganin halinsu ɗaya da jikarta, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke dai kada ki bari dangin ubanta su ji, kin san mace ce, aure za ta yi." Na ce, "Inna, shi Yaya da aka ɓoye nasa, me ɓoyon ya tsinana masa?" Ta ce in bar tone-tone, ta koma tambayata ko na samu wanda zai kawo mata zamzam da dabinon Ajwa. Ta matsa mu zo da babbar Sallah, ni kuma na gindaya sharaɗin a ware wa yarinyar ɗaki, kuma kada kowa ya kira mata malami. Ta ce ɗakin ba matsala, amma maganar malami sai ta shawarci Kawu.