Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zauren Baba da Katakon Popova

Makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke mu a Mosko a 1978, na kuma yi alkawarin yau zan ba da labarin yadda muka kwashe da harshen Rashanci. Ku yi mini afuwa, alkawarin nan sai wani makon. Ranar Juma'a na bi ta ƙofar gidanmu na gado, na tarar an ƙara shago na huɗu a inda zauren Baba yake, kuma tun daga ranar barcina bai daidaita ba.

Waɗanda suka san Baba, Allah ya jiƙansa, sun san magini ne ɗan magini. Zauren nan da hannunsa ya ɗora shi, tun daga tubali har zanko, ya yi masa bakan gizo, ya shafe shi da makuba, sannan ya zauna ya fitar da zane a fuskarsa da yatsu da ɗan cokali. Dagi uku ne a saman ƙofa. Da siminti da kwano suka shigo gari, masu kuɗi suka daina kiransa, bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba. Iyakarsa ya karkaɗe hula ya ce, "Sarki goma, zamani goma." Da kuɗin 'yan gyare-gyaren katanga ya sa ni boko, har gwamnati ta tura mu Tarayyar Sobiyet koyon aikin ƙarfe.

A ɗakin kwananmu na ɗalibai akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofa, Babushka muke ce mata kamar yadda kowa ke cewa. Ta lura duk takardar da ta shigo hannuna sai na cika gefenta da dagi da aska irin ta babbar riga. Wani dare cikin hunturu ta kira ni, ta zuba mini shayi, ta zaro wata takarda da ta tsufa daga cikin littafi. Hoton baƙin murabba'i ne a kan fari, ba mutum, ba itace, ba komai. Ta ce, "Ɗana, ka san wannan?" Na ce a'a, Kaka. Ta rage murya, ko da yake mu biyu ne kawai, ta ce sunan mai shi Malevich.

Daga bakinta na fara ji, sauran na bi na karanta daga baya. A 1915 Kazimir Malevich ya fito da zanen nan a Petrograd, wato birnin St. Petersburg na yau, ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, daidai inda Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan waliyyansu. Shekara biyu bayan haka aka tumɓuke sarki, su Lenin suka karɓi mulki. Matasan masu zane irinsa suka ɗauka ranarsu ce ta zo, kuma da farko ta zo ɗin. An ba su makarantu, an ba su muƙamai. An naɗa Shagal kwamishinan zane a garinsu Vitebsk a 1918, ya sa aka cika tituna da korayen shanu da dawakai masu tashi sama don bikin cikar juyin juya hali shekara guda. Wani daga cikinsu, Tatlin, ya tsara hasumiyar ƙarfe da gilashi mai tsawon mita 400 a ƙasar da mutane ke layin burodi. Ba a taɓa gina ta ba. Ni da na karanta ƙarfe na san ba ta ginuwa a wancan lokaci, amma har yau in na ga hoton samfurinta sai tsigar jikina ta tashi.

Sai zamani ya juya. Mai zane Kandinsky ya bar ƙasar a 1921, Shagal ya bi bayansa. A 1930 aka kama Malevich aka tsare shi na ɗan lokaci. A 1932 gwamnatin Stalin ta rushe duk ƙungiyoyin masu zane, daga nan abin da ake so shi ne manomi mai murmushi da ma'aikaci mai faɗin ƙirji da shugaba a tsakiya. Malevich ya koma zana mutane da fuska da hannuwa, amma a ƙasan wasu zanukan, inda ake sa hannu, sai ya ɗiga ɗan ƙaramin baƙin murabba'i. Wannan ɗigon ya tsaya mini a rai, domin Baba ma ko katangar bayan gida aka kira shi ya liƙe, sai ya bar ɗan dagi a lungun da mai gida ba zai lura ba.

A bazarar 1981 aka buɗe baje kolin zane-zanen Mosko da Faris a gidan adana zane na Pushkin. Na yi sa'o'i a layi. A ciki na ga dattawan Rasha suna tsaye gaban zanukan 'yan ƙasarsu kamar baƙi, abin da aka kulle musu a ɗakunan ajiya kusan shekara hamsin. A daren na rubuta wa Baba wasiƙa mai shafi huɗu, na zana masa abin da na gani, na ce masa Baba, Turawan nan sai da suka yi juyin juya hali kafin su iso inda kakanninka suke, zane ba siffar mutum. Yau na san na yi zuzutawa, domin abin da suke nema daban, namu daban. Amma ina alfahari da na rubuta. Inna ta ce sau uku ya sa aka karanta masa.

Ya rasu ina aji biyar. Ban ga gawarsa ba.

Labarin da ya hana ni barci shi ne na Lyubov Popova. Matar nan ta ajiye fenti ta shiga masaƙar auduga a Mosko tana tsara zanen yadi, don macen talaka ta sa aikinta a jiki. Ta mutu a 1924 tana da shekara 35. Shekaru da yawa bayan haka wani Bagirke haifaffen Mosko, George Costakis, ma'aikaci a ofishin jakadancin Kanada, yana bi gida gida yana tattara zanukan da aka yasar. Ya je wani gida a ƙauye wurin danginta, sai ya ga an toshe tagar rumfa da wani katako. Da ya duba, zanen Popova ne. Mai gidan ya ce in aka cire shi, ruwa zai shigo, sai dai ya kawo wani katakon a madadinsa. Costakis ya koma ya nemo katako ya kawo, ya karɓi zanen. Da zai bar ƙasar a 1977, ya bar wa gidan zane na Tretyakov kaso mai yawa na abin da ya tara.

Zauren Baba bai sami mai kawo katako ba. Na dawo gida a 1984 da akwatuna biyu da takardar shaida, na sauka a mota, na kasa gane ƙofarmu. Yaya ya rushe zauren wata bakwai kafin zuwana, ya ɗora bulo, ya fitar da shaguna biyu. Ba wanda ya rubuto mini. Na ce, "Yaya, ko hoto ba ku ɗauka ba?" Ya ce damina ta ci gefe guda, gyara kuɗi ne, ga marayu. Sannan ya dube ni ya ce, "Ai shi da kansa yake faɗa, sarki goma, zamani goma."

Wannan ita ce maganar da na kasa haɗiyewa shekara arba'in. Baba yana faɗarta ne don ya haƙurƙurtar da kansa a ranar da ba a kira shi aiki ba. Bai bar ta wasiyya don a ɗauki diga a kan aikinsa ba. Masu zanen Rasha hukuma ce ta danne su, da 'yan sanda da kurkuku, kuma duk da haka ma'aikatan gidajen ajiya sun ɓoye zanukan har zamani ya sake juyawa. Mu ba wanda ya tilasta mana. Na san 'ya'yan Yaya suna karanta wannan shafi, kuma na san marayun nan da kuɗin hayar shagunan aka aurar da su, ban musa ba. Amma da an aiko mini da layi biyu, da na sayar da kwat ɗina da rediyona na aiko da kuɗin makuba.

Gwaggo ce kaɗai ta yi tunani. Ranar rusau ta shiga cikin ƙura ta tsinto ɓallin bango mai rabin dagi, ta naɗe a tsohon zanenta ta ajiye a ƙarƙashin gado. Da na je gaishe ta ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Shatin babban yatsan Baba yana nan a jiki. Yana cikin kabad ɗina tare da takardar da Babushka ta ba ni ranar da zan taho.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa, zan koma kan ajin Rashanci.