Abin da numfashi ya koya wa hannuna

Ciwon baya ne ya kai ni ga yoga. Shekara da shekaru ina durƙushe a shagona da ke Tudun Wada ina rubuta allon talla da zanen hotunan amare, har ta kai ko ruku'u da ƙyar nake yi. Sai wani mai gashin ƙashi ya koya mini miƙe jiki iri huɗu da yadda zan ja numfashi a hankali in sake shi. Motsa jikin da numfashin kaɗai na ɗauka, aƙidar Indiyawa da ke tattare da abin na bar wa masu ita. Bayan asuba nakan shimfiɗa tabarma in yi minti 15, sannan in zauna shiru ina ƙirga numfashina.

Bayan ya yi sauƙi, amma a hannuna na fi ganin canjin. Na daɗe ina sha'awar zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, launi ne da layi kawai, sai dai duk lokacin da na gwada nakan cika ƙyallen da tarkace saboda tsoron kada a ce ban iya ba. Wata safiya da hunturu na tsoma buroshi a shuɗin fenti, na ja layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan ina sakin numfashi. Layin ya fito sumul. Na biyun na riƙe numfashi don kada in ɓata, sai ya karkace, gashin buroshin ya bar tabo a tsakiya. Sau goma na maimaita, haka ya riƙa faruwa. Ashe rawar da hannuna ke yi daga ƙirji take tasowa.

Daga baya na ji labarin Sayed Haider Raza, mai zanen Indiya da ya rasu a 2016. Yana yaro hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, sai malaminsa ya ɗiga masa ɗigo a bango ya ce ya zuba masa ido. Da girmansa, bayan ya daɗe a Faransa, baƙin ɗigon nan da ake kira bindu ya zama cibiyar zane-zanensa. Labarin ya ratsa ni, ya kuma sa na koma kallon namu da sabon ido. Mai ɗinka aska takwas a babbar riga da magini mai zanen dagi a bangon gidajen Zariya ba hoton kowa suke yi ba, kuma aikin ba ya yiwuwa da gaggawa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sanin lokacin ajiye buroshi. Yanzu idan hannuna ya fara ƙaiƙayin ƙara launi, sai in ja da baya, in numfasa sau biyar, in sake duba. Sau da yawa sai in ga aikin ya riga ya kammala.

Rannan wani Alhaji ya zo karɓar allon shagonsa, ya tsaya gaban zanen shuɗin layukan nan ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, wannan ai Kogin Kaduna ne da hazo." Ban yi shi da nufin kogi ba, amma na ce masa, "Ranka ya daɗe, zauna ka ƙara kallo." Na jawo masa benci.