Daga Kano Zuwa Rijiyar Kusugu

Na daɗe ina karanta labarin Bayajidda a waya, kowa da irin yadda yake kawo shi, har na ga gara in je Daura in gani da idona. Da asuba na isa tasha, domin motar haya ba ta tashi sai ta cika, wanda ya makara kuwa sai ya share awa guda yana jiran fasinja biyu. Mun bi ta Dawanau da Dambatta, muka ratsa Kazaure a jihar Jigawa, sannan Sandamu, kafin hantsi ya dubi ludayi mun shiga Daura. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, tiransifa tana yawan maƙalewa a hanya.

Rijiyar Kusugu tana cikin gari, ba nisa da fadar sarki, an kewaye ta da gini. Mai gadi ne ya zura guga ya ɗebo mana ruwa, sanyi ƙalau. A nan ya maimaita abin da kowa ya sani: macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya sare kan macijin da dare, sarauniya Daurama ta aure shi, daga ɗansu Bawo aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Ya ƙara da cewa Galadima aka fara aikawa ya dubo macijin, ya kasa matsawa kusa, sai Kaura ne ya je ya tabbatar an kashe shi. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, kuma kada ka zo gab da sallar Juma'a, ba za ka sami mai buɗe maka ƙofa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin da ke da shekaru a rubuce, wanda ba kasafai ake ambata ba. A 1805 Malam Ishaku ya ci Daura da tutar Shehu Usman Ɗanfodiyo, sarakunan Haɓe, wato Hausawan da ke sarauta kafin Fulani, suka koma Zango da Ɓaure suka ci gaba da sarauta. Sai a 1906 Turawa suka maido da Malam Musa, na gidan Haɓe, kan gadon Daura. Bayansa Abdurrahman ya yi daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya ɗora har 2007, sannan Umar Faruk Umar. A ganina wannan ne ya sa Daura ta bambanta da Kano da Katsina, inda sarauta ta zauna a hannun Fulani.

Takobin Bayajidda yana fada, amma ba kowa ake nuna wa ba. Dogari ya ce in dawo lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, in ina son ganin kayan sarauta a fili. Na yi la'asar na nufi tasha.