Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Alhaji ya miƙa min littafi

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na tsaya a inda gwamnatin Kano ta hana achaba a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, na sayar da Jincheng ɗina, kawuna ya kama hannuna ya kai ni Kantin Kwari wajen wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda.

Kafin in ci gaba bari in ɗan koma baya. Shekara shida ina achaba, kuma wallahi ina samu, amma ko kwabo ban taɓa ajiyewa ba. Sau uku ina sayen asusu, sau uku ina fasa shi kafin wata ya zagayo. Adashe ma na shiga a tasharmu, na kwashe na kasa ci gaba da zubi sai da Inna ta biya min sauran, har yau abin yana min ciwo. A tasha maganar da muke yi kullum ita ce mu 'yan achaba kuɗinmu na yau ne, na gobe Allah zai kawo, kuma ni na yarda da ita har cikin zuciyata. Toh wanda ya ɗauki kansa haka ta yaya asusu zai zauna masa, duk sanda na saka ɗari biyar ji nake kamar kuɗin wani na ɓoye.

A Kwari wata biyar ina ɗaukar dila, ina ninke turmi, ina sayo wa Alhaji abinci. Wata rana wani kwastomansa daga Maraɗi ya zo sari, dama mutanen Nijar da Chadi da Kamaru ba sa yankewa a kasuwar nan musamman gab da azumi, ya nuna ni ya ce wannan fa, sabon yaro ka samu? Alhaji ko ɗago kai bai yi ba ya ce "a'a, ɗan kasuwa ne, shi zai riƙe min littafi daga yau." Ya jawo wani dogon littafi mai baƙin bango ya miƙa min.

Ɗan kasuwa. Ni. Duk hanyar gida cikin Adaidaita Sahu kalmar nan nake juyawa.

Aikin ba wani mai wahala ba ne, turmi nawa ya fita, nawa aka biya, wa ya ɗauki kaya bashi, a rubuta kafin a rufe shago. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne cikin sati biyu na sayi ƙaramin littafi na kaina ba wanda ya sa ni, ina rubuta kuɗin mota, kuɗin shayi, katin waya, abin da na ba Inna. Kunya ce ta kama ni, ace mai riƙe lissafin dukiyar wani bai san inda nasa ɗari biyu ya shiga ba.

Bayan ƙaramar sallah aka samu giɓi, turmi huɗu ba a kan kanta ba kuma ba a littafi ba. Hankalina ya tashi, da daddare na je majalisar tsofaffin abokan tasha, ɗaya ya ce kai da muka sani, ina kai ina biro. Maganar ta shige ni, kwana tara ban buɗe ƙaramin littafina ba, na koma kashe kuɗi irin na da, a raina ina cewa dama can ni ba na nan ba ne.

A rana ta goma na mayar wa Alhaji littafinsa na ce "Alhaji a yi haƙuri, a ba wani, ni ba zan iya ba." Ya dube ni ya ce "zauna. Shekara talatin ina kasuwar nan, kana zaton ban taɓa yin giɓi ba? Ɗauko biro mu bi shafi shafi." Muka zauna har bayan la'asar, ashe mutumin Maraɗin ne aka ƙara wa turmi huɗu ranar da na je sallar Juma'a, yaron da ya ba shi bai faɗa min ba. Alhaji ya buga wa mutumin Maraɗin waya, ya amsa cewa haka ne nan take.

Daren nan na cike kwana taran da na tsallake, duk abin da na iya tunawa na rubuta. Yanzu ina kan littafi na goma sha ɗaya, na farkon yana cikin akwatin Inna.

Mako mai zuwa in sha Allahu zan kawo muku yadda na sake shiga adashe, wannan karon a layinmu na Kwari, da abin da na yi da kwasar farko.