Satifiket ba ya wa'azi

Abun da na fi koya tun da aka ba ni ajin baftisma da makarantar Lahadi ta manya a ikilisiyarmu shi ne, wanda ya rufe littafi ranar da ya karɓi satifiket, to ba zai jima ba jama'a za su gano shi. Mu nan arewa ba mu rasa makarantun Baibul ba, ga Kagoro, ga TCNN a Bukuru tun 1959, ga JETS a Jos, 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma suna da Kulp can wajen Mubi, amma babbar jarrabawar tana zaune ne a kan benci ranar Lahadi.

Yaran yanzu fa da waya suke zuwa sujada. Kana cewa "Bulus ya ce", ɗan saurayi ya riga ya buɗe ayar, ya duba ta Hausa ya duba ta Turanci, kafin a tashi kuma ya ɗaga hannu, "Malam, wai a ina Kayinu ɗan Adamu ya samo mata?" In ka ce masa ya yi shiru ya ba da gaskiya kawai, zai je ya tambayi Facebook, can kuwa masu amsa ba sa ƙarewa.

Ezra 7:10 ta jera abun yadda ya kamata, nazari tukuna, sai aikatawa, sannan koyarwa. Shi ya sa nake fara shiri tun Litinin, in karanta nassin, in tafi da shi aiki a kaina, duk abun da ya faɗo mini in rubuta a ɗan littafin da ke aljihuna. Masu jira sai daren Asabar bayan an dawo daga biki ko koyon waƙa, a kunna tocila ana hamma, ɗumamen wa'azin bara suke kawo wa mutane, kuma dattawa suna ganewa, kunya ce dai ke hana su magana.

Kuma ba duk karatu ne ke cikin littafi ba. A Ayyukan Manzanni 18, Afolos mai wa'azi masanin Nassi ne, ga baki, amma sai da Bilkisu da mijinta Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Akwai wata mama a zumuntar mata, ba ta iya karatu ba sam, amma ita ta koya mana zuwa gidan rasuwa. Ta ce, "'Ya'yana, ba a buɗe Baibul daga bakin ƙofa. Ku zauna a tabarma, ku yi gaisuwa, ku bar mai kuka ya yi kukansa, in aka ba ku ruwa ku sha, addu'a ba za ta gudu ba."

Abun da ke damuna shi ne kuɗin littattafai. Bulus yana kurkuku, ya san tafiya ta kusa, amma a 2 Timoti 4:13 yana roƙo a kawo masa littattafansa da fatun nan masu rubutu. Mu kuwa ana ware kuɗin kwano, na janareta, na kayan kiɗa, fasto da malamai kuma su nema da albashinsu da bai kai ya kawo ba. Na kawo maganar a taron dattawa, aka ce in bari sai bayan kaka.