Abin da na koya daga bakin zaren RNA na bairas ɗin tsirrai

Babban abin da nazarin bairas ɗin tsirrai ya koya mini shi ne in daina tsallake sassan RNA da ba sa ɗauke da bayanin furotin. A nan dabarar take. RNA zare ne na haruffan sinadari da ke ɗauke da saƙon yadda za a haɗa furotin. Bairas ba shi da ribosom, wato na'urar da ke karanta RNA ta harhaɗa furotin. Dole ya ari na tsiron da ya shiga, alhali dubban saƙonnin tsiron ma suna jiran layi.

Saƙon tsiro na da hula a farkonsa da doguwar jela a ƙarshensa, kuma da su ne tantanin halitta ke gane shi. Yawancin bairas ɗin tsirrai sun rasa ɗaya ko duka biyun, amma sau da yawa ana karanta su fiye da saƙon mai gida. Wannan ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Bairas ɗin da ke ɗiga wa ganyen taba dabbare-dabbare, wanda tun 1956 aka nuna cewa RNA ɗinsa kaɗai na iya sa cuta, yana da hula amma ba jela. Ƙarshensa na naɗewa ne ya yi siffar tRNA, wato ƙaramin RNA da ke kawo wa ribosom kayan haɗa furotin. Haruffansa kusan 6,400 ne kawai, don haka yana tattali: wani lokaci ribosom kan wuce alamar tsayawa ya ci gaba da karatu, sai a sami furotin biyu daga wuri ɗaya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne bairas ɗin da ke sa sha'ir rawaya da tsumburewa. Ba hula, ba jela. Can ƙarshen zaren akwai wani naɗi da ke kama furotin ɗin tsiro mai suna eIF4G, wanda ke taimakawa wajen jawo ribosom, sannan zaren ya lanƙwaso, ƙarshe ya manne da farko, ya miƙa abin da ya kamo inda karatu zai fara. Daga nan na fara kallon RNA a matsayin abu mai siffa, ba jerin haruffa kaɗai ba.

Su kuwa dangin potibairas, wani ɗan furotin nasu mai suna VPg suke ɗaurawa a madadin hula, shi kuma ya riƙe eIF4E na tsiron, wato furotin ɗin da ke kama hular saƙo don karatu ya fara. A ganina nan ne ilimin ya fi amfani ga noma, domin abin da bairas ya dogara da shi, nan rauninsa yake. Wasu irin barkono da latas na da ɗan canji a eIF4E ɗinsu, VPg ba ya iya kama shi, tsiron kuma na ci gaba da haɗa furotin ɗinsa lafiya. A 2016 masu bincike a Isra'ila sun yi amfani da CRISPR, wata dabarar gyara ƙwayoyin gado, suka kashe ƙwayar gadon eIF4E a kokwamba, suka sami tsiron da ke jure wa bairas iri-iri na wannan dangi.